Wane Ne Wawan Zabura ta 14?

Akwai ayar da ta fi kowace saurin zuwa bakin mai wa'azi da zarar an ambaci mutumin da ya ce bai gaskata akwai Allah ba. Ita ce aya ta farko ta Zabura 14, inda aka kira mai musun Allah a zuciyarsa wawa. Mai wa'azi yakan karanta ta da ƙarfi, jama'a su yi murmushi, wani dattijo ya ce amin, a wuce zuwa batu na gaba. Da aya guda an gama shari'ar mutum, an yanke masa hukunci, ba a ma ji ta bakinsa ba. Ɗan'uwa mai karatu, wannan irin karatu nake so mu ɗora a kan ma'auni, domin a ganina ya yi wa Zabura rashin adalci, ya kuma koya wa ikilisiya halin da ita kanta ta sha wuya a ƙarƙashinsa.

Kada ka ce batun ya yi nisa da mu, wai mulhidanci ciwon Turai ne. Mubarak Bala Bakano ne, injiniya, ɗan gidan Musulmi. A shekarar 2014 ya shaida wa danginsa cewa ya daina gaskatawa da Allah, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka tsare shi kwana 18. Bayan ya fito ya zama shugaban ƙungiyar 'yan Nijeriya masu ra'ayin rayuwa ba tare da addini ba. A ranar 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka kai shi Kano, bayan wasu lauyoyi sun shigar da koke kan rubuce-rubucensa a Facebook, waɗanda suka ce ɓatanci ne ga addinin Musulunci. Lokacin ɗansa bai fi makonni shida da haihuwa ba. A watan Disamba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin a sake shi, ba a sake shi ba. Ranar 5 ga Afrilu 2022 ya amsa laifi a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 a watan Mayu 2024, ya fito daga kurkuku a cikin wannan shekarar.

Kwana 37 kacal bayan hukuncin Kano, ranar 12 ga Mayu 2022, aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a birnin Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Ba sai na tuna maka yadda makon nan ya kasance ba. Kana sane da dokar hana fita da aka sa a birni, da yadda masu bi a Wurno da Rabah da Goronyo suka riƙa kiran 'yan'uwansu a waya suna tambayar ko lafiya. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ma ya yi. Muka yi kuka, muka yi addu'a, kuma daidai ne mu yi. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni 2023, aka kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, a mahautar Sakkwato a kan irin wannan zargi. Mutum uku ke nan: Kirista, Musulmi, da marar addini. Sunan Deborah ya shiga addu'o'inmu na roƙo makonni da yawa. Sunan Usman ya ɗan gilma. Na Mubarak kuwa, a majami'unmu na nan, idan ya fito, misali ne na inda girman kai yake kai mutum. Daga cikin muryoyin da suka fi tashi dominsa akwai ta Wole Soyinka da ta ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasashen waje. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya, wanda muke ɗagawa duk lokacin da aka hana mu filin gina majami'a, shi ne dai ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da canja addini. Inuwa ɗaya ce. Wanda ya yi murna an sare reshen da ke kan maƙwabcinsa, gobe rana za ta same shi a wurin zamansa.

Yanzu mu koma ga Zaburar kanta, gama a nan ne kuskuren ya fi nauyi. Kalmar Ibrananci da aka fassara da wawa ita ce nabal. A Tsohon Alkawari ba ta nufin mai ƙarancin ƙwaƙwalwa, ba ta kuma nufin ɗalibin da ya karanta littattafai ya rikice. Ka buɗe 1 Sama'ila sura 25, za ka tarar da mutum mai wannan suna, Nabal, mai tumaki dubu uku da awaki dubu, wanda mutanen Dawuda suka tsare masa makiyaya a jeji, amma ranar sausayar tumaki ya hana su ko loma, ya kuma bi su da zagi. Matarsa Abigel ce ta ce sunansa ya bi halinsa. Babu inda aka ce Nabal ya yi musun kasancewar Allah da baki. Rowa da butulci da cin mutunci su ne wautarsa. Annabi Ishaya a sura 32 ya zana nabal da irin wannan kama: mai barin mayunwaci da yunwa, mai hana mai ƙishi ruwa.

Zabura 14 ma haka take idan an karanta ta har ƙarshe, abin da masu jifa da ayar farko ba safai suke yi ba. A aya ta 4 mutanen da ake magana a kansu suna cinye jama'ar Allah kamar yadda ake cin abinci. A aya ta 6 suna wargaza shirin matalauci. Musun da suke yi a zuciya yake, wato a inda mutum yake yanke shawarar abin da zai aikata, kuma ma'anarsa ita ce wadda Zabura 10 ta fayyace: mugu yana lissafin cewa Allah ba ya gani, ba zai kuwa tambaya ba. A Isra'ila ta zamanin Dawuda da wuya ka sami mai gardamar falsafa kan ko akwai Mahalicci. Abin da ya yi yawa shi ne mai kai hadaya da safe ya murɗe haƙƙin gwauruwa da yamma. Da wannan ma'auni, wanda ya tare manomi a hanyar gona ya nemi kuɗin fansa, da wanda ya karkatar da abincin 'yan gudun hijira, da ma'ajin ikilisiya mai taɓa baiko, sun fi kusa da wawan Zabura fiye da malamin makarantar da ya ce shi dai bai ga hujja ba amma bai taɓa cin kwabon kowa ba.

Sai kuma abin da Manzo Bulus ya yi da wannan Zabura. A Romawa sura 3 ya ɗauko ayoyinta, bai nuna wa wani rukuni yatsa da su ba. Ya shimfiɗa su a kan Yahudu da Al'ummai gaba ɗaya domin ya rufe bakin kowa, mai Attaura da marar ita. Wato ayar da muke harbin wani da ita, Sabon Alkawari ya juyo da bakinta kanmu duka. Mai wa'azin da ya karanta ta ya sa jama'a dariya ya karanta ta saɓanin yadda manzo ya karanta. Ga kuma gargaɗin Ubangiji a Matiyu 5:22 game da kiran ɗan'uwa wawa, wanda ya isa ya sa harshe ya yi nauyi.

Na san amsar da wani zai bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce, ai Romawa sura 1 ta nuna cewa halitta tana shaidar Mahalicci a fili, har ba wanda yake da hujjar musu. Haka ne, ni ma a kan wannan nake tsaye. Wanda ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Goronyo da asuba, ko ya ga fadamar Wurno ta yi kore shar da shinkafa da albasa bayan ƙurar rani, ya ce duk wannan ba mai shi, a ganina ya yi kuskure babba, kuma kuskure ne mai hatsari ga ransa. Ba na neman mu sassauta wannan ko kaɗan. Amma ka ci gaba da karatu zuwa farkon sura 2, inda Bulus ya juya kan mai yanke wa wani hukunci ya ce shi ma ba shi da mafaka. Cewa mutum ya yi kuskure abu ɗaya ne. Ware masa ƙwarya, da hana 'ya'yanka gaishe shi, da jin daɗi sa'ad da aka rufe shi, wani abu ne dabam, kuma babu ayar da ta ba mu wannan izini. Sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yohanna suka nemi a saukar da wuta, sai ya tsawata musu suka wuce wani ƙauye. A misalin alkama da ciyawa, bayin da suka yi ɗokin tuge ciyawa an hana su, domin hannun mutum ba ya rarrabewa da kyau, kuma girbi ba nasu ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gajeren tunaninmu. Sunan marasa Allah, mu ma an taɓa laƙaba mana shi. A daular Roma, da yake masu bi sun ƙi yin hadaya ga gumakan gari da siffar Kaisar, mutane suka ce ba su da allah, kuma duk annoba ko fari ko ambaliyar da ta zo, su ne sanadi. Jastin Mai Shahada ya rubuta wa sarki doguwar kariya a tsakiyar ƙarni na biyu yana amsa wannan zargi. Polikarpus, dattijon ikilisiyar Simirna, an ƙone shi wajen shekarar 155, kuma abin da taron ke nema a ranar shi ne a kawar da marasa allah, suna nufin Kiristoci. Tertuliyan na Kartaj, ɗan Afirka ta Arewa, ya rubuta wa wani gwamna wajen shekarar 212 yana cewa sujada al'amari ne na yardar rai, tilas ba ta da gurbi a cikinta. Waɗannan su ne kakanninmu cikin bangaskiya. Amma da ikilisiya ta sami iko sai ta manta. A Jeniba an ƙone Mika'ilu Sabetus a 1553 saboda koyarwarsa game da Triniti. A Edinbara ta ƙasar Sikotland an rataye wani ɗalibi, Thomas Aikenhead, a 1697, yana ɗan shekara 20, saboda maganganun raini ga Littafi Mai Tsarki da ya yi a tsakanin abokansa. Masu bishara ne suka yi wannan, masu riƙe da Littafin da muke riƙe da shi. Don haka kada wani ya ce wannan ciwo na wani addini ne shi kaɗai.

Mu nan ƙasar Hausa ba ma bukatar zuwa Roma. Wanda ya girma a matsayin mai bi a gabashin Sakkwato, ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance a Wurno kuma Sardauna ya fito daga Rabah, ya san nauyin kalmar arne idan yaro ya jefe ka da ita a hanya. Ya san kuma alherin maƙwabcin da ya tsawata wa yaron, ya aiko maka da tuwon sallah. Bishara ma ta shigo lardin nan ta ƙofar waɗanda aka ware: a ƙarshen shekarun 1930 ne mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Mutanen da aka keɓe wa ƙwarya da tabarma su ne suka fara jin cewa akwai Mai taɓa kuturu da hannunsa. Ikilisiyar da aka haifa a irin wannan wuri, in ta koma keɓe wa wani ƙwarya, ta manta gidan ubanta.

Ba zan bar ɗaya ɓangaren ba tare da magana ba, domin raini ba hanya ɗaya yake bi ba. Rubuce-rubucen da aka kama Mubarak a kansu sun ƙona zukatan Musulmi da yawa, kuma ni ba zan yaba wa kowa da ya taɓa abin da maƙwabcinsa ya fi ƙauna da harshen izgili ba. Ɗauri na shekara 24 a kan magana zalunci ne a ganina, amma wannan bai mai da maganar ta zama kyakkyawa ba. Yawancin abin da matasanmu ke gani a intanet daga masu musun Allah irin wannan launi ne da shi: mai addu'a tunkiya ce, fasto ɓarawo ne, uwar da ta yi azumi domin ɗanta jahila ce. Richard Dawkins, masanin kimiyya na Ingila, ya fitar da littafi a 2006 wanda sunansa kansa ya kira gaskatawa da Allah ruɗin ƙwaƙwalwa. Ka lura da abin da ya faru a nan. A Kano an ce marar bangaskiya mahaukaci ne, aka kai shi asibiti. A Ingila an ce mai bangaskiya ne yake da ruɗi. Kowane ɓangare ya sami hanyar da zai kauce wa sauraron ɗayan, gama ba a muhawara da mahaukaci, magani ake ba shi. Kuma inda masu musun Allah suka riƙe mulki ba su fi kowa tausayi ba. Tarayyar Sobiyet ta tsare masu bi a kurkuku da asibitocin mahaukata, Albaniya kuwa a 1967 ta rufe kowace majami'a da kowane masallaci a ƙasar. Sai dai laifinsu ba ya wanke namu. Ba a ba su Huɗuba a Kan Dutse ba, mu aka ba.

Akwai ma abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Leo Igwe, wanda ya assasa ƙungiyar marasa addini a Nijeriya kuma ya yi fafutukar sakin Mubarak, ya shafe shekaru yana ceton yara da tsofaffin da aka zarga da maita, sau da yawa daga hannun masu kiran kansu bayin Allah. Idan marar Allah ne yake ɗauke yaron da aka yi wa duka da sunan fitar da aljani, mai riƙe da Littafi kuwa shi ne ya nuna yaron, to wane ne nabal a wannan labari? Wasiƙar Yakubu ta ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne. Wasiƙa zuwa ga Titus ta yi maganar masu shaida Allah da baki suna musunsa da aiki.

Inda batun zai same ka, mai karatu, ba a kotu ba ne. A tsakar gida zai same ka. Yaron da ka biya wa kuɗin makaranta da kuɗin albasa zai dawo hutu daga jami'a a Sakkwato ko Zariya, ya daina zuwa sujada, ranar da ka matsa masa ya ce, Baba, ni fa ban ƙara gaskatawa ba. Kafin ka ɗauko Zabura 14, ka tambaye shi me ya faru. Sau da yawa ba littafin Bature ne ya raba shi da bangaskiya ba. Wataƙila abokinsa na cikin mutum sama da 40 da 'yan bindiga suka kashe a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, ya yi ta tambayar ina Allah yake ranar, aka ce masa ya yi shiru kada ya yi saɓo. Wataƙila ya ga an sayar da gona an kai wa mai annabcin ƙarya kuɗin, mara lafiyar kuma ya mutu. Tambayoyinsa ba baƙi ba ne a Littafi Mai Tsarki. Ayuba ya yi su, Habakuk ya yi su, Asaf a Zabura 73 ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba, Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba. Wasiƙar Yahuza ta umarce mu da jinƙai ga masu shakka. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da girmamawa, kuma ba a ba da dalili ga wanda aka riga aka kora daga gida.

Dattawan ikilisiya za su tambaya, to horo fa? Tambaya ce mai kyau. Wanda ya ce bai gaskata ba, ba za a ba shi Jibin Ubangiji ba, ba za a sa shi koyar da yara a makarantar Lahadi ba, shi ma in mai gaskiya ne ba zai nema ba. Iyakar abin ke nan. Teburin Ubangiji dabam, akushin gidan ubansa dabam. Sunansa ba abin sanarwa ba ne daga bagade, musamman a wurin da kalma guda da ta fita daga majami'a za ta iya isa kasuwa kafin azahar, ta zama abin da ba wanda zai iya mayarwa. Wanda ya fallasa irin wannan yaro a garuruwanmu, ko ɗan Kirista ne ko ɗan Musulmi da ya amince masa da sirrinsa, ya san sarai abin da zai iya biyo baya. Mahaifiyarsa kuma kada zumuntar mata ta mai da ita abar nuni, a riƙa raɗa cewa ta kasa tarbiyya.

Toma ya faɗa wa sauran almajirai a fili cewa bai yarda da shaidarsu ba, alhali su goma ne suna faɗin abu ɗaya, kuma batun shi ne tashin Ubangiji daga matattu, ginshiƙin bangaskiya duka. Yohanna ya rubuta cewa bayan kwana takwas suna cikin ɗaki, ƙofofi a kulle, Toma kuwa yana tare da su a ciki. Mako guda cur ya zauna a tsakaninsu yana musun abin da suka gani da idonsu, suna ci tare, kuma a cikin wannan ɗakin ne Yesu ya same shi.